Wai jinin Yesu ya biya har da kuɗin adashi?

Gwaggo Ladi: Salama 'yan uwa, barkanmu da yamma. Yau tambaya gare ni kuma don Allah Yaya Bitrus da Habila ku ba ni amsa, kar a yi mani shirun nan da aka saba a gurup ɗin nan. Matar da ke mana uwar adashi a unguwa, ba zan kira suna ba, masu sani sun sani, da kwasa ta zo kaina sai aka fara kwana-kwana, yau ɗa ba lafiya gobe maigida ya yi tafiya, har maganar ta bi ruwa. Naira 120,000 nawa na guga da wankau. To jiya Lahadi a sujada sai ga ta ta miƙe wajen shaida, ta sha sabon leshi, tana kuka wai Ubangiji ya yafe mata duk zunubanta jinin Yesu ya wanke ta tas, jama'a na tafi ana ta amin, ni kau ina zaune da littafin waƙa a hannu na kasa ko buɗe baki. Shi ne nake tambaya wai jinin nan ya biya har da kuɗina ne ban sani ba? In ya biya a faɗa mani in daina jira.

Ɗanjuma: Gwaggo hala da kuɗinki aka ɗinka leshin 😂

Gwaggo Ladi: Kai Ɗanjuma ban da wasa da kai yau.

Baba Bitrus: Ladi ki kwantar da hankalinki. Amsa dai a'a ce, kuɗinki na nan bisa wuyanta. Kuma ba ra'ayina ba ne, ki buɗe Littafin Firistoci sura 6 daga farko, wurin da ake maganar hadaya don laifi. An lissafa wanda aka ba ajiya ya ci amana, da wanda ya yi ƙwace, da wanda ya tsinci abin wani ya rantse bai gani ba. Mi aka ce ya yi? Ya maido abin cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, ya danƙa ma mai shi, sannan fa ya ja ragonsa marar aibi ya kai ma firist. Ki lura da jerin, mai kaya ne farko, rago daga baya. In da a zamanin Musa ne ke 144,000 za ki amsa. Yesu kuma bai sassauta ba, a Matiyu 5 ya ce in ka kawo baikonka gaban bagade sai ka tuna ɗan'uwanka na da wata magana da kai, ka aje baikon nan, ka tafi ku shirya, ka dawo. Zakiyus mai karɓar haraji ranar da ceto ya shiga gidansa ninki huɗu ya ce zai maida ma duk wanda ya cuta. Ita baiwar Allah nan ban san zuciyarta ba, watakila da gaske take kuka, amma tuban da bai bi ta ƙofar gidanki ba bai ida ba tukuna. Dattawan ikilisiyarku ya kamata su kira ta, aikinsu ke nan, ba zaman gaba a kujera mai hannu kaɗai ba.

Gwaggo Ladi: Yauwa Yaya, Allah ya ƙara girma. Dubu 24 ɗin ma na yafe, uwar kuɗin nake so.

Ɗanjuma: To Baba ni nan ne kaina ke ɗaurewa, in dai sai na biya mutum haƙƙinsa da hannuna, to mi jinin ya biya ke nan? Tun muna makarantar Lahadi ake ce mana an biya duka an gama, yanzu kuma ga shi akwai saura

Yaya Sani: Assalamu alaikum, Baba ina wuni, Gwaggo sannu da haƙuri, Allah ya maida alheri. Ban cika sa baki a irin wannan ba amma yau ta taɓo inda nake so. Abin da Baba ya faɗa mu ma haka yake a wajenmu, sharuɗɗan tuba ka bar laifin, ka yi nadama, ka ƙudura ba za ka koma ba, in kuma akwai haƙƙin wani ka maida mashi, Allah ba ya yafe haƙƙin bawa sai bawan ya yafe. Nan babu saɓani. Inda ni ban gane ba tun muna yara muna zuwa hutu gidan Baba shi ne maganar jinin. Allah mai iko ne a kan komai, in ya ga dama ya ce na yafe shi ke nan an wuce wurin, wa zai tambaye shi? Mu ma muna yanka, ga layya nan duk shekara, amma a Suratul Hajji aya ta 37 an faɗa mana ƙarara naman ba ya isa ga Allah jinin ma ba ya isa, taƙawa ce ke isa. To don mi za a ce sai an zubar da jini kafin ya gafarta? Da girmamawa nake tambaya Baba.

Baba Bitrus: Sani ai gidanku ne, tambayi abinka. Habila fara, kai ke makarantar tauhidi, mu ga ko kuɗin makarantar na aiki.

Habila: Baba an fara ke nan 😅 To Yaya Sani bari in fara da yadda abin yake a Attaura don in ba a ga hoton ba maganar gicciye ba ta zama. Akwai rana guda a shekara, ran 10 ga watan bakwai na Isra'ilawa, Ranar Kafara, tana Firistoci 16. Ranar babban firist ba ya sa kayan adonsa masu zinariya, wanka yake ya sa farar rigar lilin kawai, ya fara yanka bijimi don zunubin kansa da na gidansa, don shi ma mai laifi ne. Sai a kawo bunsuru biyu a jefa kuri'a. Ɗaya a yanka, ya ɗauki jinin ya shiga bayan labule, Wuri Mafi Tsarki inda ba mai shiga sai shi kuma sai ranar, ya yayyafa da yatsa a kan murfin akwatin alkawari da gabansa har sau 7. Na biyun ba a yanka shi, firist ɗin zai ɗora hannuwansa duka biyu a kan bunsurun ya furta laifofin jama'a gaba ɗaya, sai a ba wani mutum ya ja shi can cikin jeji inda ba kowa ya sake shi. Ka ga abu biyu ake nuna ma mutane da idonsu, ɗaya zunubi ba abin wasa ba ne rai yake ci, don sura 17 ta ce ran kowace halitta na cikin jininta, na biyu kuma laifin an ɗauke shi an fitar da shi daga gari ba zai dawo ba. Ba wai Allah na jin yunwar jini ba ne, a Zabura 50 da kansa ya ce in da yana jin yunwa ba zai faɗa mana ba don duniya tasa ce.

Yaya Sani: Na gode Habila. Amma wani abokina ya taɓa nuna mani a littafin nan dai cewa talaka zai iya kawo gari a yafe mashi. Gari ai ba jini gare shi ba.

Habila: Gaskiya ne, sura 5 ce. Wanda bai da halin tunkiya ya kawo kurciyoyi biyu ko 'yan tantabaru biyu, wanda ko wannan ya gagare shi ya kawo ɗan lallausan gari, ba mai ba turare, firist ya ƙona tafi guda a bagade a gafarta mashi. Shi ya sa ma marubucin Ibraniyawa a 9:22 ya yi taka-tsantsan, ya ce kusan komai da jini ake tsarkake shi a Shari'a, kafin ya ce in ba zubar da jini ba gafara. Ni yadda na fahimta garin nan yana nuna Allah bai rufe ƙofa ma talaka ba, kuma a kan bagaden da ake ƙona hadayun yanka ake zuba shi, kuma Ranar Kafara ta haɗa da mai gari da mai rago duka. Wani abin da zai ƙara ba ka mamaki, Ibraniyawa 10:4 cewa ta yi jinin bijimai da awaki ba zai taɓa iya ɗauke zunubi ba, shi ya sa ake ta maimaitawa duk shekara. A wajenmu duk wancan nuni ne ga abin da ke zuwa, da Yahaya Maibaftisma ya hango Yesu sai ya ce ga Ɗan Rago na Allah mai ɗauke zunubin duniya. Haikalin Urushalima ma, inda ake yin hadayun, Romawa sun rushe shi a shekara ta 70 miladiyya, tun daga nan Yahudawa ba su ƙara yanka a can ba, har yau ranar azumi da addu'a suke yi.

Baba Bitrus: Ba laifi, kuɗin bai faɗi ƙasa banza ba. Amma bari in ƙara abin da ba a koya maka a aji ba don ni na gani da idona. Ku yaran nan ba ku tarar da kakanku yana maguzanci ba, ni na tarar. Can ƙauye ƙasar Malumfashi akwai wata tsamiya bayan gidanmu, in damina ta ƙarato ko ciwo ya shigo gida sai ya nemo baƙin bunsuru, wani lokaci jan zakara, a je gindinta da sassafe ba a magana. Shi zai yanka, ya tara jinin ya zuba a saiwa, ya shafa ma jikin icen, yana kiran sunan iskar yana cewa ga naki ki bar mana namu. Ni ke riƙe ƙafafun bunsurun ina ɗan yaro, ina jin yadda yake shure-shure har ya yi sanyi. Kuma abin da na lura ko an yi yankan tsoro bai fita daga gidan, in yaro ya yi zazzaɓi bayan sati sai a ce hala bunsurun bai yi ba, hala an yi kuskure, a sake nemo wani. Kullum mu ke bayarwa, kullum ba mu san ko an amsa ba. Da ya kai ƙanensa jinya asibitin kutare na Babbar Ruga, lokacin 'yan mishan na SIM ke riƙe da wurin, can ya fara jin bishara, kuma abin da ya kama shi, ya sha faɗa mana, wai a nan Allah ne ya kawo abin yankan da kansa. Bai iya karatu ba, mu ke karanta mashi tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ɗin nan ta Hausa ta 1932, in an zo Farawa 22 inda yaron ke tambayar Ibrahim ga wuta ga itace ina ɗan ragon, uban ya ce Allah zai tanada, sai ya ce a maimaita. To Sani wannan shi ne bambancin, mu ba mu ce mutum ya lallashi Allah da jini ba, wannan tsafi ne kuma mun baro shi. Manzo Bulus cewa ya yi Allah ne cikin Almasihu yake sulhunta duniya da kansa.

Hauwa'u: Ikon Allah, Baba ban taɓa jin labarin tsamiyar nan ba, Abba bai taɓa ba mu ba

Baba Bitrus: Ubanku shina goye lokacin, mi ya sani.

Yaya Sani: Allah ya ƙara ma Baba lafiya. Ragon Annabi Ibrahim mun yarda daga Allah ya zo, a Suratus Saffat an ce an fanshe shi da yanka mai girma, ko da yake mu Isma'ila muke cewa ku Ishaƙu, wannan a bar shi. Amma rago dabba ne. Inda ya tsaya mani shi ne a ce mutum marar laifi an kama shi an kashe don laifin wani. Ko alƙalin ƙauye ya yi haka ai sai a ce ya yi zalunci. Alƙur'ani ya maimaita wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani, kuma na san a Ezekiyel 18 ku ma an ce ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba, wanda ya yi zunubi shi zai mutu. Ka san dai mu a aƙidarmu ba a ma gicciye Annabi Isa ba, amma ko a bisa taku, ya ake haɗa waɗannan biyun?

Habila: Yaya wannan tambayar ba kai ka fara ba, malaman ikilisiya da kansu sun daɗe suna kai ruwa rana a kan yadda za a bayyana ta. Na farko-farko wasu sun ce fansa ce aka biya Shaiɗan don ya sake mu, tunda Markus 10:45 ta ce ya ba da ransa fansa saboda mutane da yawa, sai wasu irin su Giregori na Naziyanzus suka ce ina, ɗan fashi ba a biyansa lada. Wajen 1098 Anselm babban bishop na Kantabari a Ingila ya kawo nasa, ya ce bashi ne mutum ya ci wanda ya fi ƙarfinsa, mutum ne ya wajaba ya biya amma ba zai iya ba, Allah ne zai iya amma ba shi ake bi ba, saboda haka sai wanda yake Allah kuma mutum. Abelad a Faransa, wanda ya rasu 1142, ya ce shi abin da ya gani a gicciye ƙauna ce da ke narkar da zuciya ta juyo. Su Kalbin, malaman Furotestan, daga baya suka fi ƙarfafa cewa hukuncinmu ne ya ɗauka a madadinmu, kamar yadda Ishaya 53 ta ce an yi mashi rauni saboda laifofinmu, wannan ne aka fi wa'azinsa a ECWA. Ni a ganina kowanne ya kamo wani gefe ne. Amma amsar tambayarka ta rataya ga waye Yesu. In wani bawan Allah ne can daban aka kamo aka ɗora mashi, to ka yi gaskiya zalunci ne kuma Ezekiyel ta hana. Mu kuwa mun gaskata wanda aka yi ma laifin ne da kansa ya shigo ya ɗauka, kuma ba kama shi aka yi ba, a Yahaya 10 ya ce ba mai ƙwace raina ni nake ba da shi. Ka ɗauki mai shago da littafin bashi, in ya ja layi ya soke sunanka ya ce na yafe, shinkafar da ka ci ba ta dawo shago ba, shi ya ɗauki asarar a jarinsa. Ba yafiyar da ba ta da mai asara. Kolosiyawa 2:14 ma da wannan harshen ta yi magana, takardar bashin da ke kanmu ya soke ta ya kafe ta a gicciye.

Yaya Sani: To ka ga mun dawo kan asalin inda muka rabu, waye Isa. Kuma mai shago jarinsa na raguwa, taskar Allah ba ta raguwa. Amma na fahimci yadda kuke kallonsa yanzu fiye da da, ban dai yarda ba.

Habila: Ai ba taskar ce ke raguwa ba Yaya, adalcinsa ne ba ya yarda a ce mugunta ba komai ba ce. In wanda ya kashe maka ɗa aka ce mashi je ka ba komai, kai za ka ce an yi adalci?

Gwaggo Ladi: Tsaya Habila, wato in na yafe ma matar nan ni ce mai shagon ke nan, ni zan sha asarar

Habila: Eh Gwaggo, in kin yafe kuɗin. Amma kina iya yafe mata a zuciya ki bar ƙiyayya kuma ki amshi kuɗinki, biyun ba su karo.

Gwaggo Ladi: To wannan na biyun na zaɓa.

Istifanus: Na shigo a makare, na karanta duka. Gwaggo da a wajenmu Katolika ne da abin bai kai ga shaida gaban jama'a ba, in ta je ikirari wurin Fada ta faɗi ta ci kuɗin mutane dole zai ce mata ta maida, in ta ce ba ta da niyya ba zai ba ta gafara ba. Wannan shi ne amfanin a sami wanda zai ji laifin da kunnensa, ba kowa ya shiga ɗaki ya yafe ma kansa ya fito ba.

Ɗanjuma: Katikis an zo 😂 to ku da kuke miƙa hadaya kullum a Mas, sujadarku ta Katolika, Ibraniyawa ba ta ce sau ɗaya tak aka yi an gama ba? Kuma wa ya ba mutum ikon yafe zunubi

Istifanus: Ɗanjuma kullum sai ka jawo wannan. Ba sabuwar hadaya ake ba, ba a sake kashe Yesu, hadayar nan guda ɗaya ta kan gicciye ce ake kawowa gabanmu ba tare da zubar da jini ba, haka majalisar bishop-bishop ɗinmu ta Tirent ta bayyana tun 1562. Iko kuma karanta Yahaya 20:23 abin da ya faɗa ma manzanni bayan ya tashi. Tunda yanzu muna da dayosis namu a Katsina tun 2023, bishop ɗin kuma Gerald Mamman Musa ɗan Malumfashi ne Hausa zai maka, ka zo ka tambaya da bakinka.

Baba Bitrus: Ku bar wannan, an fi shekara 500 ana yinta ba ku za ku ida ta a WhatsApp ba.

Talatu: Baba ina wuni, Gwaggo ina wuni. Tun ɗazu nake rubutawa ina gogewa. Ni tawa tambayar ta maigidana Baban Bishara ce, duk kun san abin da ya faru a hanyar Dutsin-ma da yaron nan ya fito da gudu bayan tumaki, motarsa ta buge shi ya rasu. Kowa ya shaida ba gudu yake da motar ba, har mutanen garin. Iyayen yaron Allah ya saka masu, uban ya riƙe hannunsa ya ce kwanansa ne ya ƙare mun yafe duniya da lahira, ko sisi ba su amsa ba, buhun geron da muka kai ma da ƙyar suka bari aka sauke. To shi ba wanda ke binsa komai, amma mutumin nan ya ƙare a tsaye. Ba ya barci, cikin dare sai in gan shi zaune bakin gado, ya bar tuƙi ya ba yaro motar, in an zo cin jibin Ubangiji a coci sai ya tashi ya fita waje ya tsaya gindin bedi har a ida. Na ce mashi an yafe maka, ya ce ya sani. Na ce Yesu ya mutu dominka, ya ce ya sani. Ya ce da ma sun amshi wani abu ko an ɗaure shi da ya fi mashi sauƙi. Ita matar adashi tana da abin da za ta maida, shi mi zai maida?

Gwaggo Ladi: Wayyo Talatu, ni ina ta kukan kuɗi. Sannu ɗiyata.

Hauwa'u: Allah sarki Yaya Talatu, Allah ya sanyaya mashi

Yaya Sani: Talatu sannu. Wannan da ya faɗa na da ma an amshi wani abu, na gane shi sosai. A wajenmu kisan kuskure a Suratun Nisa'i aya ta 92 abu biyu ne, diyya ga dangi sai in sun yafe, da kuma kaffara, 'yanta bawa, wanda bai samu ba azumin wata biyu a jere. Ko dangi sun yafe diyya azumin na nan. Na ga direban da ya yi shi a tashar da nake aiki, ya rame ƙwarai amma ranar da ya ida kamar an sauke mashi dutse. Ban ce mijinki ya yi ba tunda ba addininsa ba ne, ina dai cewa zuciya na son ta ga an yi wani abu.

Baba Bitrus: Sani ka faɗi gaskiya, zuciya na son ta ga an yi wani abu, kuma duk maganar hadaya daga nan ta taso. Ɗanjuma ɗazu ka tambaya mi jinin ya biya, to ga shi nan, irin wannan da ba ka da abin maidawa. Talatu ki karanta mashi Littafin Ƙidaya 35. An ware birane 6 na mafaka don wanda ya kashe rai ba da niyya ba, ya gudu can mai ramuwa ba zai taɓa shi ba. Amma ba a ce mashi je ka gida ba komai ba, don rai ya salwanta, kuma an hana a amshi kuɗi don a sallame shi. Zai zauna a birnin har ranar da babban firist ya mutu, ranar ce zai koma gidansa da gonarsa ba mai ce mashi uffan. Mutuwar wani ce ke buɗe mashi ƙofa. Mijinki ya kai kansa birnin mafaka ya zauna, abin da bai shiga zuciyarsa ba shi ne Babban Firist ɗinmu ya riga ya mutu. Kuma kar ki riƙa ce mashi ba laifinka ba ne, ya ji wannan har ya gaji kuma bai taimaka ba, shi ya ɗauki yaron a hannunsa ya san nauyinsa. Ki bar shi ya kira abin da girmansa. Dawuda da ya sa aka kashe Uriya da gangan, wanda Shari'a ba ta ma tanadi hadaya dominsa ba, a Zabura 51 cewa ya yi ka cece ni daga alhakin jini, ya ce in da hadaya kake so da na kawo, karyayyar zuciya ce ba za ka raina ba. Sannan ki tuna mashi da mutum biyu a dare guda. Yahuza ya maida azurfa 30 ɗin nan cif, ya ce na ci amanar marar laifi, ya biya ke nan, amma ya je ya rataye kansa don ya nemi ya zama hadayar kansa. Manzo Bitrus da ya yi musun sanin Yesu bai da abin maidawa, kuka kawai ya yi, ya tsaya har Ubangiji ya same shi bakin teku ya ba shi abinci ya maida shi aiki. Teburin jibin nan da yake gudu ba na waɗanda hannunsu ke da tsabta ba ne, in haka ne ni ma da ban taɓa ci ba.

Habila: Yaya Talatu ƙari kaɗan, rashin barcin nan da zama cikin dare a kai shi ya ga likita ma, irin wannan firgicin bayan haɗari ciwo ne da ake dubawa, ba rashin bangaskiya ba ne.

Talatu: Na gode Baba, na gode Habila. Ni in na faɗa ba ya ji, sai dai in Baba zai zo da kansa. Kuma ya sha cewa yana son ya koma ya gaida iyayen yaron amma kunya da tsoro sun hana shi, yana ganin kamar zai tada masu da ciwo.

Baba Bitrus: Zan shigo jibi da yamma in Allah ya kai mu, kar ki ce mashi don wannan na zo. Zuwa gaida su kuma abu ne mai kyau, ba biya ba ne, zumunci ne, mutanen da suka yi maka irin wannan karamci ba a yanke ƙafa da su.

Yaya Sani: Baba in za a je a faɗa mani ni zan kai ku da motata, ina da sanayya da mutanen yankin, zan fara aika ma mai unguwarsu don kar a faɗo masu kwatsam. A bari sai bayan la'asar lokacin uban ya dawo daga gona, kuma Talatu ki shirya ki shiga wurin uwar, ita ba wanda ya zauna da ita tun ranar sadakar uku.